Bututun injin turara shinkafa yana ɗiga: a koma sitenles ko akwai wata hanya?

Malam Umaru: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wata matsala da nake so masana su duba mana. Wurin turara shinkafa ne a nan Sakkwato. Ruwa na fitowa daga rijiyar burtsatse ya hau tanki, daga nan ya rabu: akwai layin ruwan sanyi, akwai layin ruwan zafi da ake jiƙa shanshera da shi a kan digiri 65 zuwa 70, akwai layin tururi daga boila, sai layin da ke mayar da ruwan da tururi ya koma. Dukkansu bututun GI ne, wato ƙarfe mai rufin tutiya, mai inci 2. Layin zafi yana ɗiga a bakin zare kusan kowace gaɓa, kuma ruwan farko da ake buɗewa da safe ja yake fitowa. Mai wurin yana so a tuge komai a sa sitenles mai lamba 304 a huta. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Shin wannan ita ce mafita?

Aminu: Wa alaikumus salam Malam. Ni a ganina mai wurin ya yi tunani mai kyau. Abinci ake sarrafawa, kuma 304 shi ne ƙarfen da aka sani a harkar abinci. Yana da kiromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, ba ya tsatsa. A kashe kuɗi sau ɗaya ya fi a riƙa kiran mai gyara kowane wata.

Injiniya Nasiru: Aminu, ka yi saurin yanke hukunci. Layi huɗu Malam Umaru ya lissafa, kuma kowanne da irin ciwon da ke cin sa. Bari in fara da layin zafi tunda shi ke ɗiga.

Bututun GI baƙin ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Tutiyar da ke manne a jikinsa siririya ce ƙwarai, wajen maikiron 55, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Aikinta biyu: ta rufe ƙarfen, kuma idan an sami ƙarzuwa, ita ke cinyewa a madadin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Wannan na biyun yana aiki ne a ruwan sanyi. Da zarar ruwa ya wuce digiri 60, a ruwaye da yawa lamarin yana juyewa, tutiya ta daina kare ƙarfe, duk inda ƙarfe ya bayyana nan tsatsa za ta taru ta huda shi. To ruwan jiƙon shinkafa a daidai wannan zafin yake yini.

Dalilin da ya sa a bakin zare ake ganin ɗigar kuwa, lissafi ne. Bututu mai inci 2 matsakaici, mai zoben shuɗin fenti, kaurin jikinsa milimita 3.6 ne. Mai jan zobe 4.5, mara nauyin kuma 2.9. Zaren da ake yankawa yana shiga kusan milimita 1.5. Ka ga a mai shuɗi abin da ya rage bai fi 2.1 ba, a mara nauyi 1.4, kuma injin yankan ya riga ya kankare tutiyar wurin tas. Wuri mafi siranta, ba shi da kariya, ga shi lungu ne da ruwa ke maƙalewa. Dole nan ya fara ɓulewa.

Hajiya Rabi: Injiniya ya yi bayanin bututu. Ni tambayata ga Malam Umaru ita ce, an taɓa kai ruwan nan ɗakin gwaji?

Malam Umaru: Ba a kai ba, Hajiya. An dai ga yana da haske kuma ba shi da ɗanɗanon gishiri.

Hajiya Rabi: To nan ya kamata a fara, kafin a sayi ko da gwiwa ɗaya. Ruwan ƙarƙashin ƙasar Sakkwato ba iri ɗaya ba ne. Rijiyar da ta tsaya a dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda shi ne dutsen da ake yin siminti da shi, ruwanta mai nauyi ne, yana ɗauke da kalsiyam da bayikabonet, yana tara farin ɓawo a cikin bututu da boila. Wadda ta zarce zuwa yashin Wurno ko Taloka takan zo da narkakken ƙarfe a cikin ruwan. Ta ɓangaren Gwandu kuma ruwan yakan zama mara nauyi, mai ɗan tsami, irin wanda ba ya barin ɓawo amma yana lasar tutiya da ƙarfe. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya na iya bambanta saboda zurfinsu ba ɗaya ba.

Shi ya sa ban yarda cewa jan ruwan safe daga bututu kaɗai yake ba sai an gwada. Ga gwaji mara tsada: a kunna famfo minti 15, a ɗebi ruwa a bakin rijiya cikin kwalba mai haske kafin ya shiga kowane layi, a bar ta a buɗe. Idan ya fito garau, bayan 'yan sa'o'i ya koma ruwan ɗorawa ko ja-ja, ƙarfen daga ƙasa yake, iska ce ta sa ya bayyana. Irin wannan ko da zinare aka yi bututun, jan ruwa ba zai daina ba sai an watsa ruwan a iska an tace shi da yashi. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsayar da ƙarfe a miligiram 0.3 a lita.

Abubuwan da za a nema a takardar gwaji: pH (ma'aunin tsamin ruwa), kuloraid (sinadarin da ke cikin gishiri), nauyin ruwa, bayikabonet, salfet, ƙarfe, manganis, da jimillar narkakkun gishiri.

Aminu: Hajiya na fahimta, amma ko mene ne sakamakon, ai 304 zai jure. Ruwan da mutum ke sha ba zai gagari sitenles ba.

Hajiya Rabi: Wannan ita ce fahimtar da ke jawo asara, ƙanena. Iyakar kuloraid a ruwan sha miligiram 250 ce a lita. Iyakar da aka saba ba 304 kuwa wajen 200 ce, ita ma a ruwan sanyi mai gudu. Sitenles mai lamba 316 ake kai shi wajen 1000. Ka ga ruwa na iya halatta a sha shi, amma ya fi ƙarfin 304.

Abin da ke kare sitenles wata fata ce da ido ba ya gani, wadda kiromiyam ke yi idan ya haɗu da iskar oksijin. Kuloraid yana huda fatar a ɗigo ɗaya, ramin ya riƙa zurfi, cikinsa na ƙara tsami, bakinsa kuma bai fi tsinin allura ba. Kamar yadda gara ke cin azara ne, waje lafiya lau, ciki ya ƙare. Baƙin ƙarfe yana yin tsatsa kowa na gani a shirya masa, sitenles kuwa yana ƙyalli har ranar da ya fara tsartuwa.

Zafi yana ƙara wata cuta. Daga digiri 60 zuwa sama, idan kuloraid ya haɗu da ƙarfen da ke cikin ɗauri, kamar wurin walda ko inda aka lanƙwasa, 304 da 316 duka suna tsagewa, tsaga siririya mai rassa. Ba a iya gyara ta da walda, don tana ci gaba a gefen inda aka like.

Injiniya Nasiru: Akwai lissafin da ake kwatanta juriyarsu ga wannan hudar: kason kiromiyam, a ƙara molibdenam sau 3.3, a ƙara naitirojin sau 16. 304 yana fitowa wajen 18 zuwa 20, 316 wajen 24 zuwa 25 saboda molibdenam kashi 2 zuwa 3 da ke cikinsa, wani irin sitenles da ake kira dufles 2205 kuma wajen 35. Shi 2205 yana jure tsagewar nan sosai, sai dai samun sa da na'urorin haɗa shi a kasuwarmu wani aiki ne, kuma waldarsa tana son gwani.

Baba Shehu mai walda: Allah shi gafarta malamai. Kuna ta maganar 304 da 316 kamar in an je kasuwa an ce a ba ni 304, shi za a miƙo. Mafi yawan abin da ake saidawa da sunan sitenles, musamman wanga siririn bututu mai ƙyalli da ake yin ƙarfen bene da ƙofa da shi, mai lamba 201 ne. An rage mai nikel an cika da manganis. Mayen ƙarfe ba ya kama shi, kamar yadda ba ya kama 304, don haka gwajin mayen ƙarfe ba ya raba su. Abin da mayen ƙarfe ke tonawa irin su sitenles 430 ne. Kuma ko 304 na gaskiya, inda aka lanƙwasa shi da sanyi yakan ɗan kama.

Bututun aiki na ƙwarai yana da rubutu a jikinsa daga wannan kai zuwa wancan: lambar ƙa'ida irin A312, irin ƙarfen, girman, kaurin, da lambar narki. Lambar narkin nan dole ta yi daidai da wadda ke takardar shaidar masana'anta. In ba ta yi daidai ba, takardar ta wani kaya ce. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa ya nuna ko akwai molibdenam, shi ke raba 316 da 304. Akwai kuma bindigar gwajin ƙarfe da ke karanto kason kowane sinadari cikin daƙiƙoƙi. In kaya na da yawa, hayar mai ita ba asara ba ce.

Aminu: Baba, to idan an sami na gaskiyar fa, mai walda kuma ya iya aikinsa?

Baba Shehu mai walda: Ɗana, iya aikin nan shi ne wurin da ake faɗuwa. Bari in jera maka inda ake ɓata sitenles da hannu.

Na farko, irin ƙarfen. In za a yi walda, a nemi mai harafin L, 304L ko 316L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba. Wanda ba L ba, in ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kabon yana janye kiromiyam daga gefen ƙwayoyin ƙarfen. Sai ka ga waldar kanta lafiya, amma layi biyu a gefenta, 'yan milimita kaɗan daga ita, sun cinye.

Na biyu, sandar walda. E308L ga 304L, E316L ga 316L. In za a haɗa sitenles da baƙin ƙarfe, E309L. Wanda ya ɗauko E6013 ya ɗana wa sitenles ya gama da shi.

Na uku, cikin bututun. Ana toshe gefe biyu a cika shi da iskar agon kafin a fara zagayen farko. In ba a yi ba, cikin waldar yana ƙonewa ya yi baƙi ya yi kaushi, kuma can ne ruwa ke bi, ba waje ba. Kada a bar ƙarfen ya wuce digiri 150 tsakanin zagaye da zagaye. Sitenles ba ya watsa zafi, abin da yake watsawa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, ga shi yana miƙewa fiye da shi, shi ya sa yake karkacewa in aka cika mai wuta.

Na huɗu, kayan aiki. Faifan garanda da buroshin waya da aka taɓa baƙin ƙarfe da su ba su hawa sitenles. Suna dasa mai ɓurɓushin ƙarfe, raɓa ta sauka ya yi tsatsa, tsatsar ta buɗe hanyar rami.

Na ƙarshe, launin bakan gizo da ke gefen walda ba ado ba ne, wuri ne da kiromiyam ya ragu. Ana shafa man wanke walda a bar shi gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwani, a wanke da ruwa mai yawa. Man nan yana da asid mai shiga fata har ƙashi. Safar roba mai kauri, tabarau, da wuri mai iska. Kada a ba yaro shi ya shafa da tsumma.

Injiniya Buhari: Ni ina ganin an tsaya a kan ƙarfe alhali rabin wannan aikin ba ya buƙatar ƙarfe. Layin sanyi daga rijiya zuwa tanki, da wanda ke cikin rijiyar kanta, a sa bututun roba, uPVC ko HDPE. Layin jiƙo mai digiri 70 a sa PPR, robar ruwan zafi. Babu tsatsa, babu zare, kuloraid bai dame su ba, kuma kuɗin bai kama ƙafar na sitenles ba.

Injiniya Nasiru: Na yarda da kai a layin sanyi, Injiniya, da sharaɗi. Lambar PN da ke jikin roba, mai nuna matsin da za ta iya ɗauka, an auna ta ne a digiri 20. A Sakkwato, watan Afrilu inuwa kanta tana haura 40, balle baƙin bututun roba da ke kwance a rana. HDPE a digiri 40 yana riƙe wajen kashi 74 cikin ɗari na ƙarfinsa ne, wato mai PN10 ya koma kamar 7.4. A sayi mai lamba sama da buƙata, a binne shi ko a yi masa rumfa. uPVC kuma rana tana busar da shi ya riƙa fashewa, kuma ba ya wuce digiri 60.

PPR zai ɗauki digiri 70, amma a wannan zafin ƙarfinsa bai kai rabin abin da aka rubuta ba, kuma yana miƙewa ƙwarai, milimita 0.15 a kowace mita a kowane digiri. Layi mai mita 20 da ya tashi daga 30 zuwa 70 zai ƙaru da santimita 12. Baƙin ƙarfe a wannan yanayin bai kai santimita 1 ba. In ba a bar masa lanƙwasa da maɗauri masu barin sa ya zame ba, zai yi ciki ya tsinke a gaɓa. Babban haɗarin ma shi ne yadda ake ɗumama ruwan. Idan tururi ake hurawa kai tsaye cikin ruwan jiƙo, ranar da bawul ya ƙi rufuwa tururi ya bi layin, PPR ya tafi.

Injiniya Buhari: Wannan gaskiya ne. Sai a bar mita biyu ko uku na farko daga tankin ɗumama su zama ƙarfe, a sa bawul mai hana komawa baya da ma'aunin zafi, PPR ya fara daga nan. PPR mai zaren gilas a tsakiya ma miƙewarsa kusan sulusin na gama-gari ce. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa ya fi 304 dacewa da layin nan matuƙar ba a san kuloraid ɗin ruwan ba.

Malam Umaru: Ina biye da ku. To layin tururi fa? Shi bai fara ɗiga ba tukuna, amma wanda ke mayar da ruwa ya ɓule sau da dama ta ƙasansa.

Injiniya Nasiru: GI ba shi da wuri a layin tururi ko kaɗan, Malam. Tururi mai matsin bar 7 zafinsa kusan digiri 170 ne. Tutiya tana ɓarewa ta bi layi ta toshe tarkon tururi, wato na'urar da ke fitar da ruwan da ya taru a layi, da bawul. Abin da ya dace shi ne bututun baƙin ƙarfe mara ɗinki, A106 aji B, kauri Sch 40, wanda a inci 2 yake milimita 3.91, a haɗa da walda da filanji, wato faifan da ake ɗaurewa da noti, maimakon zare. Busasshen tururi ba ya cin baƙin ƙarfe sosai, sa masa sitenles ɓarnar kuɗi ce, ga haɗarin tsagewa in boila ta tofo ruwa mai kuloraid. A tuna da miƙewa: mita 30 daga digiri 30 zuwa 170 santimita 5 ne. A karkata layin kaɗan, wajen 1 cikin 100, zuwa inda tururi ya nufa, a sa tarko kowace mita 30 zuwa 50 da kowane wuri mai kwari.

Layin dawowa kuwa, wannan ɓulewar ta ƙasa tana da suna a wurin masu boila. In ka tsaga bututun za ka ga kwari mai santsi ya bi tsawonsa daidai inda ruwa ke gudu. Hajiya ta fi ni sanin sinadarin.

Hajiya Rabi: Bayikabonet ne. In ya shiga boila zafi yana fasa shi, iskar kabon dayoksaid ta bi tururi, in tururi ya huce ta narke a ciki ta zama asid mai rauni. Ruwan dawowa ba shi da komai da zai tare tsamin, sai pH ya faɗi ƙasa da 6, ya riƙa sassaƙar ƙasan bututu. Mai ruwan farar ƙasa shi ya fi fama da wannan. Kuma a lura, na'urar tausasa ruwa mai aiki da gishiri tana cire kalsiyam da magniziyam ne kawai, ba ta taɓa bayikabonet. Ɓawo zai ragu a boila, ciwon layin dawowa yana nan.

A nan ne sitenles ke da amfani na gaske. Ruwan dawowa kusan babu kuloraid a cikinsa, don haka 304L yana daɗewa. In ba hali, baƙin bututu Sch 80, milimita 5.54, don a sami abin da za a ci kafin a kai ga hudawa.

Ita boilar kanta, oksijin ne babban maƙiyinta. Ruwa a digiri 25 yana riƙe wajen miligiram 8 na oksijin a lita, a digiri 90 bai kai 2 ba. A ɗumama tankin ciyarwa zuwa 85 ko 90, ragowar a kashe shi da sodiyam salfait, wajen kashi 8 ga kowane kashi 1 na oksijin. Ruwan cikin boila a riƙe pH ɗinsa tsakanin 10.5 da 12, a riƙa zubar da na ƙasa kullum. Wani abu da nake so a ji da kyau: tururin nan yana taɓa shinkafar da mutane za su ci. Haidirazin, wani maganin kashe oksijin, ba ya shiga irin wannan boila, kuma duk maganin da za a zuba a tabbatar an amince da shi a harkar abinci.

Baba Shehu mai walda: Akwai abin da ba a taɓo ba. In an cuɗa ƙarfe iri-iri a layi guda, wani na cin wani. Bawul ɗin tagulla a kan GI, ku duba zaren da ke shiga cikinsa, kullum shi ka fara mutuwa.

Injiniya Buhari: Baba, amma ai kusan kowane gida da masana'anta bawul ɗin tagulla ne a kan bututun ƙarfe, kuma suna shekaru.

Injiniya Nasiru: Ku duka kuna da gaskiya, girman fili ne ke raba ku. In ƙarafa biyu suka taɓa juna cikin ruwa, mai rauni ke cinyewa: tutiya kafin baƙin ƙarfe, baƙin ƙarfe kafin tagulla da jan ƙarfe da sitenles. Ƙaramin bawul na tagulla a dogon layin ƙarfe, cin yana raguwa saboda filin da ke ɗaukarsa babba ne, ko da yake zaren da ke kusa ya fi jin jiki kamar yadda Baba ya ce, musamman a ruwan zafi mai gishiri. Juya lamarin ka ga bala'i: guntun GI ɗaya a tsakiyar layin sitenles, ko noti na baƙin ƙarfe a cikin tankin sitenles. Duk cin ya taru a ɗan wuri. Wannan ya shafi Malam Umaru kai tsaye, don in mai wurin ya ce a sauya rabi bana rabi baɗi, gaɓar da tsoho ya haɗu da sabo ita za ta fara tafiya. A raba su da filanji mai gaskit na roba, da hannun riga da washa na roba a kowane noti, sannan a gwada da mitar lantarki a tabbatar wuta ba ta ratsawa. Kada kuma a sa jan ƙarfe a gaban GI ta inda ruwa ke fitowa, don ɗan abin da ya narke daga jan ƙarfen yana sauka a kan tutiya ya haƙa ramuka.

Ita ma tagulla tana da nata. Mai tutiya sama da kashi 15 takan rasa tutiyarta a ruwan zafi mai kuloraid, ta koma ja, ta yi laushi, farin gari na fitowa a jikinta. A nemi mai alamar DZR ko CR.

Injiniya Buhari: Tunda an zo nan, a duba abin da ke ƙarƙashin rigar bututu, wato naɗin da ke hana zafi fita. Iskar Sakkwato busasshiya ce yawancin shekara, ƙarfen da ke fili ba ya tsatsa kamar na Legas ko Fatakwal, shi ya sa ake sakaci. Amma daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama yana shiga ta inda kwanon rufin ya buɗe, audugar gilas ta sha ta riƙe, bututu mai digiri 60 zuwa 120 yana dafuwa a cikin jiƙaƙƙen bargo. Ƙurar hunturu da tokar ɓuntun shinkafa da suka taru a ciki suna ƙara riƙe danshi. Kafin a naɗe, a kankare bututun a shafa fenti mai jure zafi, a jera kwanon rufi na sama ya hau kan na ƙasa, ɗinkin ya kalli ƙasa, a toshe inda maɗauri ya ratsa. Bayan damina a buɗe gwiwoyi da wuraren kwari a duba.

Aminu: Na karɓi gyara a kan 304. Tambayata ta ƙarshe, layukan da ba su fara ɗiga ba, ta yaya za a san ko su ma sun kusa?

Injiniya Nasiru: Da na'urar auna kauri mai aiki da sauti. Ana kankare ɗan wuri, a ɗiga man gwaji, a ɗora kan na'urar. A kowace tasha a auna sama, ƙasa da gefe biyu, a fi mai da hankali ga bayan gwiwa, bayan bawul, ƙasan layin kwance, da reshen da aka toshe ruwa ke kwana a ciki. A sa wa kowace tasha lamba da fenti don baɗi a dawo daidai wurin.

Mu ɗauki misali. Bututu ya fara da milimita 3.91, bayan shekara 4 an sami 3.11. Ya rasa 0.8, wato 0.2 a shekara. In mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a layin 2.0 ne, saura 1.11, ka raba da 0.2, shekara biyar da rabi ke nan. Awo na gaba kada ya wuce rabin wannan lokacin. Sai dai lissafin yana aiki ne ga cin da ya bazu ko'ina. Ramin allura a sitenles ko a GI na iya kasancewa santimita ɗaya daga inda ka auna ba ka gan shi ba. Ga GI, yanke guntu a tsaga shi biyu ya fi faɗin gaskiya.

Baba Shehu mai walda: In za a yanka ko a yi walda a kan tsohon GI, a kankare tutiyar santimita 3 zuwa 5 kowane gefe, a yi a fili. Farin hayaƙin nan yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Kuma in an gama sabon layi an gwada shi da ruwa, kada a bar ruwan shi kwana kwanaki a ciki, musamman sitenles. A zubar, a hura iska shi bushe. Ruwan rijiya da ya tsaya yana raya ƙwayoyin halitta da ke huda walda cikin 'yan watanni, tun ba a fara aiki ba.

Hajiya Rabi: Haka ne Baba. A ƙara da masu wanke ɓawo da asid ɗin haidirokulorik: a baƙin ƙarfe ana yi da maganin da ke hana shi cin ƙarfen, amma ba ya kusantar sitenles ko GI. Ga sitenles, sitirik ko salfamik. Sinadarin kulorin ma ba a zuba garinsa kai tsaye cikin tankin sitenles, yana zama a ƙasa ya huda. A narka shi a bokiti tukuna.

Malam Umaru: Allah ya saka da alheri. Hajiya, yaya za a ɗebi ruwan gwajin don kada sakamakon ya zo da kuskure?

Hajiya Rabi: Amin, Malam. A ɗeba a wuri huɗu: bakin rijiya, bayan na'urar tausasa ruwa in akwai, ƙarshen layin zafi, da ruwan dawowa. Na bayan na'urar yana da muhimmanci, don in ba ta ɗauraye gishirinta da kyau ba, ita kanta tana tura kuloraid cikin layi. A bar famfon rijiya ya yi minti 15 zuwa 20 yana aiki. Kwalbar roba sabuwa mai lita 1, a ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a ɗiba, a cika ta har baki kada a bar iska, a rubuta wuri da lokaci. pH da zafi a auna su nan take a wurin, don ruwan rijiya yana sakin iskar da ke cikinsa a hanya, pH ya hau, ruwa mai cin ƙarfe ya bayyana kamar lafiyayye. Na gwajin ƙarfe da manganis kwalbarsa daban, ɗakin gwaji su ba da wadda aka ɗiga wa asid. A sa duka a kula mai ƙanƙara a kai cikin awa 24. Ruwan dawowa a sanyaya shi a rufe kafin a auna. A maimaita gwajin rijiyar sau biyu, ɗaya a ƙarshen rani wajen Mayu, ɗaya bayan damina, a yi zaɓin ƙarfe da sakamakon da ya fi muni.